Wurin Ajiye 'Yan Bulon Injiniya

Litinin 3 ga wata, da hantsi

Yau ma na taka ɗaya. Ja, mai ido huɗu, a tsakiyar tafin ƙafa, ina fitowa daga wanka. Na yi ta tsalle da ƙafa ɗaya har na bugi ƙofa. Injiniya tana shan shayi, ta ɗago kai ta ce, "Baba, kar ka fasa min shi." Ni da ƙafata, amma shi take tausayi.

'Yan bulon roba ne na wasa, irin waɗanda ake maƙala wani a kan wani. Kawunta ne ya fara kawo mata rabin buhu daga gwanjo tana 'yar shekara huɗu, ni kuma duk sanda na ga wasu a kasuwa sai in ƙaro. Yanzu shekararta bakwai, bulo sun cinye kusurwar ɗaki gaba ɗaya, daga taga har gindin gado. Saboda su muke ce mata Injiniya, har malamarsu ta kama sunan.

Mamanta ta daɗe tana cewa in nema musu wurin zama. Kusurwar take so a share, don a nan za a sa ƙaramin gadon. Ni kuma kullum sai in ce akwai lokaci, ai da sauran wata biyu. Juma'ar da ta wuce aka nuna min babu lokacin.

Ba zan rubuta Juma'a ba. Mamanta na asibiti, Inna mahaifiyarta na wurinta, an ce ta fara cin abinci. Jariran, su biyun, suna ɗakin da ba a shiga da takalmi.

Zan share kusurwar.

Talata 4 ga wata, bayan azahar

Na buɗe shago yau, don zaman gida ba ya ƙara komai. A hanya na tsaya wurin mai kayan roba, na ga wata 'yar kabad mai aljihuna da yawa, kamar don bulon Injiniya aka yi ta. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa, na yi masa godiya na wuce. Ba wannan watan ba.

Dogo, wanda kujerar askinsa ke kusa da tawa, ya ce, "Gajere, kai da kake zubar da robar man gashi kullum, kai ne ke neman kabad?" Ya jawo kwandon shara da ƙafa ya nuna min. Gaskiyarsa. Robobi ne masu faɗin baki, masu murfin murɗawa, kuma ana hango abin da ke ciki.

Nan da nan shago ya ɗauka. Direban babbar motar da nake yi wa gyaran gemu ya ce a zuba su duka a durom, in yarinya na so ta shiga ciki ta nema. Wani ya ce kwalin takalmi. Wani dattijo da ke jiran layi ya ce shi 'ya'yansa da murfin kwalba suka yi wasa har suka girma, kuma babu wanda ya mutu.

Dogo ya tashi ya ƙara muryar rediyo.

Na dawo gida da robobi cike da leda.

Laraba 5 ga wata, da yamma

A ɗakin jariran, sai ka wanke hannu har gwiwa, ka sa wata riga a kan taka, sannan a bar ka ka tsaya. Mutane na cewa kwalba, amma akwati ne na gilashi mai ramuka biyu a gefe. Akwai wata na'ura da ke ƙara a kai a kai. Da farko duk sanda ta yi sai gabana ya faɗi, nas ɗin ta ce in ta daina ne za ka ga mun tashi.

Ɗaya ba ya zama wuri ɗaya, kullum ƙafarsa na sama kamar mai tuƙa keke. Ɗayan kuwa ko ido bai buɗe min ba. Mamansu ta ce Mai Motsi da Mai Barci. Haka muke ce musu yanzu.

Na rubuta mamansu. Ban yi niyya ba, hannu ne ya rubuta. Na bar shi.

Ta tambaye ni ko Injiniya na cin abinci, ko na iya ɗaure mata gashi. Na ce ni da nake aski shekara da shekaru? Ta ce aski daban, ɗaurin gashi daban, ta ga hoton da na turo, yarinyar kamar an ja ta ta taga. Ta so ta yi dariya, ɗinkin ya hana ta.

Alhamis 6 ga wata, bayan la'asar

Mun wanke robobin da ruwan ɗumi da sabulu, sau biyu, duk da haka suna ƙamshin man gashi. Injiniya ta ce ba komai, bulonta za su riƙa ƙamshin Baba.

Takardar jikin robar ba ta fita da farce. In ka jiƙa ta ta ɗan jima, sannan ka goga man girki kaɗan, gam ɗin sai ya saki. Matar maƙwabcinmu ce ta koya min ta kan katanga. Ta kuma miƙo mana kwanon abinci ba tare da ta yi tambaya ba. Na ji daɗin rashin tambayar fiye da abincin.

Na yanke shawara: kala-kala za a raba. Ja a roba ɗaya, shuɗi a ɗaya, rawaya a ɗaya. Mun zauna a ƙasa muna ta tsinta. Aikin yana da daɗi. Hannu na tafiya, kai ba ya zuwa ko'ina.

Asabar 8 ga wata, da safe

Tsarin kala ya rushe.

Na jera robobin a gindin bango, sun yi kyau kamar shagon alawa, har na ɗauki hoto. Injiniya ta zo za ta gina mota, tana neman wani ɗan siriri ja mai ido biyu. Ta buɗe robar ja, ta tona, ta tona, sai kawai ta kife ta a ƙasa.

Na ce, "Haba Injiniya, aikin jiya da shekaranjiya fa!"

Ta ce, "Baba, ja a cikin ja ba ya ganuwa. Da ka sa masu ido biyu duka wuri ɗaya, ina leƙawa zan ga jan."

Na tsaya ina kallonta. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba tun ranar Alhamis? Ta ce ta ga ina jin daɗi ne.

Mun juye duka mun sake. Yanzu siffa muke bi: masu ido biyu, masu huɗu, dogaye, falale, tayoyi, tagogi da ƙofofi. Maimakon in rubuta suna a jiki, sai muka liƙa bulo ɗaya a kan kowane murfi da salatif, ko wanda bai iya karatu ba ya san abin da ke ciki.

Lahadi 9 ga wata, da yamma

Babu canji. An ce hakan ma labari ne mai kyau.

Litinin 10 ga wata, bayan azahar

Robobin man gashi sun yi wa manyan bulo kaɗan. Mai shagon bakin layi ya ba ni manyan robobin alawa guda biyu da suka ƙare, ya ce in na ƙara haƙuri akwai ta biskit na tafe. Na tambaye shi nawa, ya ce in daina zaginsa.

Gwangwanin madara ban ba kowa shawara ba. Ba a ganin ciki, kuma bakinsa ya yanke ni a ɗan yatsa, yatsan riƙe almakashi ma. Gorar ruwa ta fi shi. Ka yanke ta a tsakiya da wuƙa, ka ɗora bakin a kan dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci, sai ya lanƙwashe ciki ya yi santsi, ba ya yankan kowa. Na ƙona biyu kafin in gane zafin da ya dace. Ɗakin ya yi warin roba, Injiniya ta toshe hanci tana cewa Baba ya dafa takalmi.

Na biya wurin kafinta a kan maganar gadon. Na ce ya yi shi da faɗi, yadda zai ɗauki biyu a jere. Ya auna da hannunsa a iska ya ce ai ba su da wani girma. Na ce za su yi.

Laraba 12 ga wata, da yamma

Likita ya kira ni gefe. Yana magana a hankali, yana zana wani abu a bayan takarda. Mai Barci ne. Na gane rabin maganar, sauran rabin ina kallon aljihun rigarsa, biro uku a jere, ɗaya ba murfi.

Na wanke hannu har gwiwa. Na tsaya. An ƙara masa wata igiya a hanci. Mai Motsi na can yana tuƙa kekensa, bai san komai ba.

Mamansu ba ta tambaye ni me likita ya ce ba, ni ma ban tambaye ta ko ya gaya mata ba. Mun yi hirar gorar ruwa. Na yi mata bayanin dutsen guga dalla-dalla, ta ce in na lalata mata shi in sayi wani.

Alhamis 13 ga wata, bayan la'asar

Inna ta zo gida ta yi wanka ta canza kaya. Ta rame. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon robobin da gorunan, ta ce, "Baban yarinya, shago za ka buɗe?"

Na ce gyara nake, Inna.

Ta ce, "Jerawa kake. Gyara shi ne abin da zai kwashe su in an gama wasa. Yaro ba ya mayar da abu ɗaya-ɗaya, ko uwarta ba ta yi ba."

Ta buɗe akwatin mamansu kamar nata, ta zaro wani tsohon zanin gado da ya koɗe. Ta shimfiɗa, ta yanke shi ya zama da'ira, ta naɗe bakin ta ɗinke da hannu, ta zura igiyar shanya ta ciki. Ta ce wa Injiniya ta zuba bulon da take wasa da su a kai. Da aka ja igiyar, zanin ya tattare ya zama buhu, komai na ciki. Ta rataye shi a ƙusa bayan ƙofa.

Injiniya ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, har sai da Inna ta ce za ta tsinka.

Na ce Inna ta kwanta ko na awa ɗaya. Ta ce in ta kwanta ba za ta iya tashi ba. Na raka ta bakin titi. Muna jiran mota ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kana cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ta ce, "Ƙarya kake, amma Allah ya yi maka albarka."

Asabar 15 ga wata, da hantsi

Akwai wasu ƙanana kamar ƙwayar wake, masu ido ɗaya, da fitilu, da kawunan 'yan mutane. Su ne suka fi ba ni tsoro, don su ake haɗiyewa. Na samo kiret ɗin ƙwai na kwali muka rarraba su a ramukan, amma da ka ɗaga sai su gauraye. A ƙarshe robar ƙanƙara ta firij ta yi aikin, na sa ta cikin ledar da ake zugewa. Ƙanƙara ta jira.

Injiniya ta gina gadaje biyu. Ɗaya shuɗi, ɗaya kore, kowanne da ɗan filo fari. Ta ce koren na Mai Motsi ne, ta yi masa katanga mai tsayi don kar ya faɗo.

Ta ce, "Baba, yaushe za su zo?"

Na ce sai sun ƙara nauyi.

"Kamar nawa?"

Na ɗauki robar tayoyi na ɗora mata a hannu na ce kamar wannan. Ta jijjiga ta, ta ce to ai ba yawa.

Litinin 17 ga wata, da yamma

An cire wa Mai Barci igiyar hanci. Ya buɗe ido. Ya dube ni kamar wanda aka tasa bai gama barci ba, ya yamutsa fuska, ya koma. Nas ɗin ta ce wannan halin wa ya ɗauko? Mamansu ta nuna ni da haɓa.

Na nuna mata hoton ɗakin a waya. Ta faɗaɗa shi da yatsu ta daɗe tana dubawa. Ta ce robobin sun yi, amma a ƙasa suke, wata nawa ne za ka ga ana rarrafe? Kuma su biyu ne, ɗaya ya buɗe ɗaya ya cinye. Ta ce a ɗaga su sama. Sai kuma ta ce, "Wancan ba zanin gadona ba ne?" Na ce ta tambayi Inna. Inna ta ce ita ba ta san zancen ba.

Yau ɗinkin bai hana ta dariya ba.

Na sayi lemo a hanya, muka sha da Injiniya a bakin ƙofa. Iska mai daɗi.

Talata 18 ga wata, da azahar

Ina tsakiyar aski waya ta yi ƙara. Inna ce. Dogo ya karɓi injin daga hannuna ya ƙarasa wa mutumin.

Ba wanda muke tsoro a kansa ba ne, Mai Motsi ne.

Laraba 19 ga wata, da yamma

Suna ƙoƙari. Na ga suna ƙoƙari. Ƙafarsa na kwance.

Alhamis 20 ga wata, bayan la'asar

Mun je maƙabarta mun dawo, ni da Dogo da kawun Injiniya. Ni na riƙe shi a mota. Ban san hannu zai iya gajiya da abin da ba shi da nauyi ba.

Injiniya na gidan maƙwabta.

Asabar 22 ga wata, da safe

Na wanke bulon duka. Ba wanda ya sa ni.

Ana zuba su a rigar filo, a ɗaure bakin, a tsoma a bokitin ruwan sabulu mai ɗumi, ba mai zafi ba, a yi ta jujjuyawa. Ruwan farko baƙi ya fito. Sai a ɗauraye, a baza a kan tawul a inuwa. Rana tana cinye musu kala, kuma tana sa su saki, ba sa riƙe juna. Ruwa na maƙalewa a ramukan ƙasa, sai ka kifa kowanne da hannu. Na kifa kowanne da hannu.

Mutane sun yi ta shigowa. Suna samuna a tsugune a kan tawul, su yi abin da suka zo yi, in amsa, su tafi. Direban babbar motar nan ma ya zo, ban san wa ya nuna masa gidan ba. Ya zauna, can sai ya fara taya ni kifawa da manyan yatsunsa.

Lahadi 23 ga wata, da hantsi

Na gaya wa Injiniya. Ina jin ta riga ta sani, yara na jin abin da ake faɗa ta kan katanga.

Muna mayar da bulo cikin robobi ne. Na faɗa a taƙaice, da kalmomin da za ta gane, ban ce ya yi tafiya ba, don kar ta jira. Ta ci gaba da tsintar masu ido huɗu. Ta cika hannu ta zuba, ta sake cikawa.

Can ta ce, "Ya ji zafi?"

Na ce an ba shi magani, barci yake.

"Mama ta yi kuka?"

Na ce ta yi.

"Kai fa?"

Na ce ni ma.

Ta tashi ta ɗauko gadajen nan biyu daga kan taga. Ta riƙe koren ta ce, "In rushe shi?" Na ce naki ne, yadda kika ga dama. Sai ta juye robar biskit ɗin da mai shago ya kawo jiya, wadda na tanada don dogaye, ta sa gadon a ciki a tsaye yadda yake, ta murɗa murfin. Ta ce wannan ba na wasa ba ne, kar in liƙa komai a kai.

Dogayen sun koma kwalin takalmi. Sun ma fi dacewa a can, a kwance.

Daga baya ta zo ta hau cinyata, abin da ta daina tun bara wai ita ta girma. Mun daɗe a haka. Ƙafata ta mutu ban motsa ba.

Laraba 26 ga wata, da yamma

Yau an fito da Mai Barci daga akwatin, an ɗora shi a ƙirjin mamansa, fata da fata, an lulluɓe su da zani. An ce hakan na ƙara masa ƙarfi. Ta zauna a kujera ba ta motsi, hannunta ɗaya ya rufe bayansa gaba ɗaya.

An kawar da ɗayan akwatin. An sa wani tebur a wurin, da kwalayen safar hannu a kai. Ta juya kujerarta yadda ba za ta ga teburin ba.

Ba mu yi maganar ba tukuna. Ta ce, "Ka ɗaga su sama?" Na ce gobe. Ta ce, "Kullum gobe." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na sa yatsana a tafin hannunsa, ya riƙe.

Juma'a 28 ga wata, bayan la'asar

Kafinta ya ba ni ragowar katako biyu daga tarin da yake zubarwa, na goge su da takardar yashi, Dogo ya zo da guduma. Mun kafa su a bango daidai kafaɗar Injiniya, ita ta kai, mai rarrafe ba zai kai ba. Na ƙananan nan masu kama da wake mun sa su a katakon sama, sai ta taka kujera. Dogo ya buga ƙusa ɗaya a karkace ya ce bangon ne ba daidai ba. Na ce shekara nawa kana yi wa mutane layin goshi a karkace kana cewa kansu ne.

Manyan robobin a katakon ƙasa, gorunan a na sama, kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, buhun Inna a bayan ƙofa. Ban sayi komai ba sai ƙusoshi. Kusurwar ta fito fes, har da wani tabon shayi a siminti da ban san da shi ba.

Da zan tafi da katakon, kafinta ya tsayar da ni. Ya ji labari. Gadon na jingine a bango, bai shafa masa fenti ba. Ya yi ta goge hannunsa a wando, sannan ya ce, "In kana so in rage faɗin, aikin ɗan lokaci ne. Ba sai ka ƙara komai ba."

Na dubi gadon. Na ce ya bar shi haka.

Ya ce, "To. Ai yaro na son wurin juyi."

Na ce wannan ba ya juyi, amma zai koya.

Lahadi 30 ga wata, da safe

Ya ƙara nauyi. Yana sha da kansa. Nas ɗin ta ce in ya ci gaba a haka, mu shirya.

Talata 2 ga sabon wata, da yamma

Sun dawo.

Injiniya ta wanke hannu har gwiwa, ba wanda ya ce ta yi, a wurina ta ji. Ta zauna a kan gado, aka ɗora mata shi a cinya, Inna na tallafe da kan. Ta dube shi ta dube shi, ta ce, "Bai kai robar tayoyi ba." Inna ta ce wace irin magana ce wannan? Na ce tsakaninmu ne.

Mamansu ta tsaya a tsakiyar ɗaki da jakarta a hannu. Ta dubi katakon, ta dubi robobin, ta dubi kusurwar da gadon. Ta daɗe a kan gadon. Sannan idonta ya kai kan robar biskit a ƙarshen katako. Ta matsa ta leƙa ta jikin robar. Ba ta taɓa ba, ba ta tambaya ba. Ta ajiye jakar ta zauna a ƙasa, a daidai inda bulon suke a da, ta jingina da bango.

Na kawo mata ruwa. Ta riƙe hannuna tare da kofin, ta ce, "Ka yi ƙoƙari." Na ce Injiniya ce da Inna. Ta ce, "Na sani. Kai ma ka yi."

Inna ta kwanta a tabarma, kafin in juyo ta yi barci da mayafinta a ka.

Alhamis 4 ga wata, da hantsi

Ashe Mai Barci na da murya. Maƙwabta sun shaida.

Mun yi maganar, ni da ita, da safe bayan Injiniya ta tafi makaranta. Ba mai tsawo ba. Ta gaya min abin da ta gani da ban gani ba, na gaya mata nawa. Ba zan rubuta ba, amma an yi.

Asabar 6 ga wata, bayan azahar

Shago ya cika yau, kamar kowa ya tuna da kansa rana ɗaya. Wani baƙo ya zauna a kujerata, mai furfura a gefe, ban taɓa ganinsa ba. Na lulluɓe shi da ƙyalle, na sa hannu a aljihun riga zan zaro mataji, sai wani ɗan bulo rawaya ya biyo shi ya faɗo masa a cinya. Ban san yadda aka yi ya shiga ba.

Mutumin ya ɗauka ya juya shi yana murmushi. Ya ce jikokinsa na da irinsu, sun hana shi tafiya ba takalmi a gidansa. Na ce ya nemi robar alawa da tsohon zanin gado, na yi masa bayanin igiyar. Ya ce zai gaya wa 'yarsa.

Ya miƙo min bulon ya ce, "Yara nawa gare ka?"

Na ce, "Uku."

Injin Dogo ya tsaya. Na ga idonsa a madubi, ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Mutumin ya ce, "Masha Allah. Allah ya yi musu albarka."

Na ce amin. Na mayar da bulon aljihu, na kunna injin, na tambaye shi ko in rage gefen sosai ko in bar masa kaɗan.